Kogon Goshi: Karayar da Ɗinki Ke Ɓoyewa

Da goshin magariba aka kira ni a waya, wata ranar Alhamis cikin hunturu. Ƙanena ya taso daga Shagari a kan babur zai dawo gida Bodinga, sai garken shanu ya ratso titi. Ya taka birki, babur ya kwashe shi, ya tafi da ka ya daki bakin kwalbati da goshi. 'Yan kabu-kabu biyu da ke biye da shi suka ɗauke shi zuwa wani ƙaramin ɗakin shan magani. Kafin in isa har an wanke ciwon, an yi masa ɗinki shida a saman girar hagu, an naɗe da bandeji. Na same shi zaune yana magana, ya dube ni ya ce, "Yaya, ina babur ɗin?" Wanda ya yi ɗinkin ya ce fata ce kawai ta tsage, mu gode wa Allah. Muka gode, muka tafi gida.

Kwana na uku Inna ta lura da wani abu. Duk lokacin da ya yi sujada, sai ruwa ya ɗiga daga hancinsa a kan darduma, ta kafa ɗaya kawai, ta hagu. Ruwan garau yake kamar na randa, ba kauri, ba yauƙi. Shi kuma yana cewa yana jin gishiri-gishiri a maƙogwaro. Muka ce mura ce, ai lokacinta ne, har aka sayo masa magani a kemis. Inna ce kaɗai ba ta yarda ba. Ta ce, "Wanga ruwa bai yi mini kama da na mura ba." Da daddare ya fyace hanci da ƙarfi, nan take fatar idonsa ta hagu ta kumbura ta rufe idon, in ka danna ta a hankali sai ka ji tana ƙaraf-ƙaraf kamar ana murza leda. Na kira wani abokina ma'aikacin jinya a Sakkwato na kwatanta masa. Bai bar ni na gama ba ya ce, "Malam, kada ya ƙara fyace hanci, kada ya sunkuya. Ku taho da shi yanzu."

Ni malamin makaranta ne, ilimin halittu nake koyarwa, na sha zana ƙoƙon kan mutum a allo. Amma sai a wancan makon na fahimci abin da ke bayan goshi da gaske, kuma har yau ina jin nauyin kwana ukun nan da muka bar shi a gida.

Ɗora yatsa a tsakanin girarka biyu ka ɗan haura sama. Ƙashin da ka taɓa ba dunƙule yake ba. A cikinsa akwai kogo mai iska, yawanci biyu, dama da hagu, da siririn ƙashi a tsakaninsu. Shi likitoci ke kira kogon goshi. Ba a haihuwar jariri da shi. A hankali yake tsirowa daga cikin hanci, ba ya fitowa sosai a hoto sai yaro ya kai shekara 6 zuwa 8, kuma ba ya cika girmansa sai bayan balaga. Akwai ma 'yan tsirarun mutane da ba su da shi sam, kuma lafiyarsu ƙalau. Kowane kogo bai wuce ya ɗauki ruwa cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. Cikinsa shafe yake da tantani mai fitar da majina dare da rana, majinar kuwa tana sauka zuwa hanci ta wata ƙaramar magudana da ke ƙasan kogon. Shi ya sa mai mura ke jin goshinsa ya yi nauyi idan magudanar ta toshe.

Ka ɗauke shi kamar ɗaki mai bango biyu da kwata ɗaya. Bangon gaba shi ne wanda ke ƙarƙashin fata, mai kauri ne, babu ƙashin da ya kai shi ƙarfi a duk fuska. Gwaje-gwaje sun nuna sai an sauke masa nauyin da ya kai wajen kilo 360 zuwa sama da 700 kafin ya karye, wato kamar buhun gero huɗu zuwa bakwai a wuri ɗaya. Bangon baya kuwa siriri ne, a wasu wurare bai fi ɓawon ƙwai ba, kuma a bayansa babu komai sai tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, sai ƙwaƙwalwar kanta tana shawagi cikin ruwanta. Wannan ƙarfi na bangon gaba ne ya sa karayar ba ta da yawa, kashi 5 zuwa 15 cikin 100 ne kacal na karayar ƙasusuwan fuska. Amma shi ne kuma ya sa take da haɗari. Bugun da ya iya fasa goshi ba ƙaramin bugu ba ne, sau da yawa yakan zo da rauni a ƙwaƙwalwa, ko ido, ko ƙashin wuya. A cikin masu wannan karaya, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai abin ke tsaya musu a bangon gaba. Sauran yakan zarce har baya ko ya taɓa magudanar.

A wajenmu babur ne kan gaba wajen jawo wannan karaya, babu tantama. Titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Bodinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega babbar hanya ce, tireloli da motocin haya da babura da amalanke da dabbobi duk a kanta suke. Mai babur idan ya faɗi, kai ne ke fara isa ƙasa. Direban mota da bai ɗaura bel ba shi ma goshinsa ne ke dukan sitiyari ko gilashi. Bayan wannan akwai abubuwan da ba a cika lissafawa ba: harbin doki ko jaki ko raƙumi, tunkuyin sa, faɗowa daga giginya ko mangwaro, katangar laka da ta faɗo da damina, guga ko dutse da ya suɓuce ya faɗa wa mai haƙar rijiya, da sanda ko gora a wurin rigima. A shekarun nan na rashin tsaro an ƙara da harsashi da gindin bindiga.

Abin da ya yaudare mu shi ne kumburi. A kwanakin farko goshi yakan kumbura ya cike gurbin da ƙashi ya lotsa, sai ka ga kamar lafiya lau. Sai bayan mako ɗaya ko biyu, kumburi ya saɓe, a ga rami a goshi kamar an danna ƙwarya da babban yatsa. Saboda haka ganin ido ba ya wadatarwa. Alamomin da ya kamata su tayar da hankalin mai jinya su ne suma ko da ta ɗan lokaci ce, amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci ko ruɗewa, haɓo, baƙi da ya zagaye idanu, ganin abu biyu-biyu, mutuwar fatar goshi har mutum ba ya jin taɓi, da daina jin ƙamshi. Idan ciwon buɗe yake kuma ana hango ƙashi ko guntayensa, wannan ba na ƙaramin ɗakin magani ba ne, a rufe shi da ƙyalle mai tsabta a wuce babban asibiti, kuma a riƙe wuyan kada ya riƙa lanƙwasa a hanya.

Sai uwa uba, ruwan nan. Ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya suna cikin wani ruwa garau wanda bai wuce mililita 150 ba a jikin babban mutum, jiki kuma yana sabunta shi sau uku ko fiye a yini. Idan bangon baya ya karye ya yaga tantanin, ruwan yakan bi ta kogon ya sauko hanci. Yakan fi zuba idan mutum ya sunkuya, abin da Inna ta gani ke nan a wurin sujada. Majina idan ta bushe a ƙyalle takan sa shi ya yi tauri, wannan ruwan ba ya sa shi. Idan ya haɗu da jini ya ɗiga a farin ƙyalle, sai jinin ya tsaya a tsakiya, ruwan ya yi masa zobe. Waɗannan alamu ne kawai, tabbaci yana wurin likita. Haɗarin ba a ruwan da ke fita yake ba, a ƙofar da ta buɗe yake. Inda ruwa ya fito, nan ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin hanci za su bi su shiga, kuma abin da suke haifarwa shi ne sanƙarau. Mu a nan ba sai an yi mana bayanin sanƙarau ba, mun ga annobar 1996, mun ga ta 2017 da ta ratsa Zamfara da Sakkwato. Bambancin shi ne wannan ba ya jiran bazara, kuma rigakafin da aka yi wa mutum lokacin annoba ba lallai ya tsare shi ba, domin galibi wata ƙwayar cutar ce daban. Fyace hanci kuwa tura iska yake yi ta cikin tsagar. A wurin ƙanena ta shiga fatar ido. Tana iya shiga cikin ƙoƙon kai ta danne ƙwaƙwalwa.

Mun isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo cikin dare. Mutanen Bodinga da Shagari da Yabo suna da wata sa'a da ba kowa ya san girmanta ba: a wannan asibiti akwai cibiya ta musamman ta tiyatar ƙwaƙwalwa, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya yi ɗawainiyar kafuwarta, kuma ana kawo mata marasa lafiya daga Kabi da Zamfara har da Jamhuriyar Nijar. Daga Bodinga tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Akwai kuma likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, da na tiyatar fuska da muƙamuƙi, domin wannan karaya a kan iyakar aikinsu su uku take.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna bangon baya yadda ya kamata. Wanda ake buƙata shi ne siti-sikan, na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera a Ingila, aka fara ɗaukar kan mara lafiya da ita a 1971. Tana nuna kai yanki-yanki kamar an yayyanka albasa. Likitan ya ɗaga hoton ya nuna mini da bakin biro: ga bangon gaba ya lotsa gida uku, ga na baya ya tsage wani guntu ya shige ciki, ga kuma wasu baƙaƙen ɗigo a gaban ƙwaƙwalwa. Ya ce wannan iska ce. Duk wannan yana ƙarƙashin ɗinki shida masu kyau.

Maganin ya danganta da amsar tambaya uku: yaya bangon gaba yake, yaya na baya yake, kuma magudanar tana aiki ko ta lalace. Ba kowace karaya ce ake yi wa tiyata ba, kuma likitocin yanzu sun fi na da haƙuri da wuƙa. Idan tsaga ce kawai, ƙashi bai gusa ba, ruwa ba ya zuba, sai a sa ido, a ba da magani, a sake hoto bayan wani lokaci don a tabbatar kogon yana shan iska. Idan bangon gaba ne kaɗai ya lotsa, matsalar ta kamanni ce: a ɗago ƙashin a mayar da shi wurinsa, a ɗaure da 'yan faranti da sukurori na ƙarfen titaniyom, waɗanda ba sa tsatsa kuma suna iya zama a jiki har ƙarshen rai. Wani lokaci ta bakin ciwon ake shiga, a wasu asibitocin kuma da siririn bututu mai kyamara ta 'yar ƙaramar tsaga a cikin gashi.

Idan magudanar ce ta murƙushe, labari ya canja, domin ɗakin da kwatarsa ta toshe ruwa zai taru a ciki. Ko dai a buɗe ta ta cikin hanci, ko a kashe kogon gaba ɗaya: a kankare tantanin tas, a toshe magudanar, a cike ramin da kitsen da aka ɗebo daga cikin mara lafiyan. Likitoci biyu a Amurka, Goodale da Montgomery, su suka yaɗa wannan dabara ta kitse a wajejen 1958. Kafin nan akwai hanyar wani likitan Jamus mai suna Riedel ta 1898, wadda ake cire bangon gaba ɗungurungum a bar fata ta kwanta a ramin. Tana ceton rai, amma mutum zai ƙare rayuwarsa da goshi a lotse.

Shi ruwan ƙwaƙwalwa, a mafi yawan mutane yakan tsaya da kansa cikin mako guda idan an kwanta an ɗaga kai an daina yunƙuri. An gwada wa ƙanena haka. Kwana bakwai yana kwance a jingine, an hana shi sunkuyawa, an ba shi maganin da zai sa bayan gida ya yi laushi don kada ya yi nishi. Ruwan bai tsaya ba, ga kuma guntun ƙashin da ya shige. Sai aka yanke shawarar yi masa aikin da likitoci Donald da Bernstein suka bayyana a 1978. An tsaga fatar kai daga saman kunne zuwa saman kunne, ta cikin gashi, aka yaye ta zuwa gaba. Aka cire bangon baya gaba ɗaya, aka kankare duk tantanin majina, har da goge ƙashin da na'ura domin tantanin yana da saiwoyi a cikin 'yan ramukan ƙashi, ko ƙanƙani aka bari zai sake tsirowa. Aka ɗinke yagar tantanin ƙwaƙwalwa, aka toshe magudanar, aka shimfiɗa wani tantani mai jini da aka ɗago daga saman ƙoƙon kansa ya zama shinge tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa. Daga nan aka harhaɗa bangon gaba da titaniyom. Kogon ya tashi daga aiki ke nan, ƙwaƙwalwa takan matso a hankali ta cike wurin.

Mu kuwa muna waje a kan tabarma, ni da Inna da ƙanin mahaifinmu. Biyu daga cikinmu sun ba da jini. An sayar da ragunan da Inna ke kiwo don layya, da albasar da muka ajiye muna jiran ta yi daraja. Ba zan ɓoye ba, kuɗin hoto da na ƙarfe da na magani suna da nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma na ga mutanen da suka ɗauke mara lafiyarsu suka koma gida saboda haka. Wannan abu ne da ya kamata hukuma ta duba, domin wanda ya fi faɗuwa a babur shi ne wanda ya fi rashin abin biya.

Tun muna asibiti wasu 'yan uwa suka kawo shawarar a kai shi wurin maɗori. Ina girmama maɗora, na ga hannu da ƙafar da suka ɗora suka warke. Amma goshi ba ƙwauri ba ne. Babu inda za a ɗaura karare, kuma dannawa ko murzawa na iya ƙara tura guntun ƙashi cikin ƙwaƙwalwa. Haka nan ƙaho, da ɗura magani a hanci, da shaƙen garin magani don a yi atishawa, da cusa auduga ko tsumma don a tsayar da ruwan. Duk wanda ya san bangon baya ya tsage zai gane cewa abin da aka zuba a hanci yana da hanyar isa inda bai kamata ba.

Da aka sallame shi an ba shi dokoki na makonni: kada ya fyace hanci, in atishawa ta zo ya buɗe baki, kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kada ya sunkuya. Nan ya shiga damuwa saboda alwala da salla. Muka tambayi limamin unguwarmu, ya ce shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne a mazhabarmu ta Malikiyya, ba farilla ba ne, alwala ta inganta ba tare da su ba, kuma mara lafiya yana da damar yin salla a zaune da nuni. Na kawo wannan ne domin na san akwai wanda zai karya dokar likita a ɓoye saboda tsoron kada sallarsa ta ɓaci, alhali addini ya riga ya sauƙaƙa masa.

Abin da ya fi wuyar fahimtar da mutane shi ne wannan karaya tana da dogon wutsiya. Idan wani ɓangare na tantanin ya maƙale a kogon da ba shi da mafita, zai ci gaba da tara majina a hankali har ta zama ƙunshi mai cin ƙashi, ya turo ido ƙasa ko waje, ko ya danna ƙwaƙwalwa. Yana iya ɗaukar shekara 10 ko 20 kafin ya bayyana, lokacin da kowa ya manta da haɗarin. Idan ya yi ruwa, ƙashin goshi kan ruɓe ya yi wani kumburi mai laushi, wanda likitan Ingila Percivall Pott ya kwatanta tun a ƙarni na 18. Saboda haka wanda ya taɓa fasa goshi, duk ranar da ya ji ciwon kai da ya ƙi tafiya, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ya ga ido ɗaya ya fara fitowa, ya je asibiti kuma ya ambaci tsohon haɗarin da bakinsa, ko da ba a tambaye shi ba.

Ranar da ƙanena ya faɗi, hular da ke kansa ta saƙa ce. A ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, kuma mutane da yawa suna tuna yadda wasu masu babur suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Na san uzurorin, ina jin su kullum: zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, tsadar hular, ƙyamar sa wadda wani ya cire, da tsoron asiri. Amma bincike ya nuna tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100, na mutuwa kuma da wajen kashi 40. Sharaɗin shi ne ta sauko ta rufe goshi har kusa da gira, a kuma ɗaure igiyar a haɓa. Wadda aka tura ƙeya, ko aka bar igiyarta tana reto, takan tashi ta bar kan kafin ya isa ƙasa.

Yanzu shekara biyu ke nan. Gashi ya rufe tabon, goshin ya koma daidai, sai ka sa yatsa za ka ji ɗan tudun sukurorin a ƙarƙashin fata. Yana zuwa Sakkwato ganin likita duk lokacin da aka rubuta masa, katin yana cikin akwatin Inna. Ya koma gona, ya koma sujada. Jin ƙamshi ne bai dawo ba, domin jijiyoyinsa siraran zare ne da ke ratsa rufin hanci dab da inda ya karye, kuma likita ya gaya masa kada ya sa rai sosai. Ranar Juma'ar da ta wuce na gan shi yana shafa turare zai tafi masallaci. Ya shafa, ya miƙo mini hannun rigarsa ya ce, "Yaya, shinshina mini, ya isa ko in ƙara?"